Asibitocin Madaoua, Bouza da Keita: A haɗa kan takardu kafin a kira ƙirƙirarriyar basira

Duk ɗan Adar ko Gobir Tudu da ya tafi biɗa Abidjan, Tripoli ko Legas ya san irin saƙon nan. Kana kwance da dare waya ta yi ƙara, ka buɗe WhatsApp, sai ga hoton wata 'yar takarda da aka ɗauka da hasken tocila, rubutun likita a kanta kamar sawun kaza. Bayan hoton sai murya ta biyo: Inna ce ba lafiya, an kai ta likita, ga abin da aka rubuta, a taimaka da jaka goma sha biyar. Gari na wayewa ka nufi wurin masu aika kuɗi. Bayan mako uku wani hoton ya sake shigowa, daga wani asibitin daban, kuma in ka ƙura ido sai ka ga awon jinin da ka biya wancan karon shi ne aka sake rubutawa.

Kada ka yi saurin cewa an cuce ka. Likita na biyu bai ga sakamakon na farko ba, kuma ba shi da hanyar ganinsa.

Na san wannan ne daga cikin gidanmu. Goggona tana fama da hawan jini da ciwon suga shekara da shekaru, kuma duk tarihin jinyarta yana cikin wani karne da take naɗewa a leda ta cusa ƙarƙashin katifa. Wata damina ɗaki ya yi yoyo, ledar kuma ashe ta huje, karne ya zama kunu. Da ciwo ya tashi aka tura ta gaba, likitan da ya karɓe ta ya tambayi wane magani take sha. Ta ce wani fari ƙarami da safe, da wani mai tsaga a tsakiya da dare. Mutumin ya yi abin da duk likitan kirki zai yi, ya soma komai daga farko. Kwana huɗu aka yi ana gwaje-gwaje kafin a gane abin da tuni yake rubuce a wata rajista, a wani ƙauye, cikin wani kabad da ba wanda zai buɗe.

Shi ya sa nake saurare da kunnuwa biyu idan aka tayar da maganar mayar da takardun asibiti cikin kwamfuta, aka kuma haɗa ta da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, wadda yanzu ba a taro sai an ambace ta. Ina goyon bayan aikin. Amma ina ganin in har ya zo gundumomin Madaoua, Bouza da Keita yadda ayyukan irinsa suka saba zuwa, kowace ƙungiya da na'urarta, kowane shiri da manhajarsa, to za a kashe kuɗi, a ƙara wa ma'aikata wahala, Goggo kuma ta ci gaba da bayanin magani da kalarsa. Abu mai wuya a nan shi ne haɗa kai a kan tsari ɗaya. Basirar na'ura tana zuwa ne daga baya, kuma aikin da ya dace da ita ya fi ƙanƙanta da yadda masu tallarta ke faɗa.

Ga wanda bai san tsarin ba, musamman 'yan'uwa na ƙetaren iyaka: a Nijar mara lafiya kan fara ne daga ɗakin shan magani na ƙauye. In abin ya fi ƙarfin wurin a tura shi CSI, cibiyar lafiyar da majo ke jagoranta. Daga nan sai asibitin gunduma, in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a wuce babban asibitin jiha a Tahoua, ko cibiyar kula da uwa da yaro, wani lokaci har Yamai. A takarda ke nan. A zahiri mutumin Madaoua yakan ga asibitin Galmi, wanda yake nan tun 1950, ya fi masa kusa, wani ya nufi Maraɗi, wani ya tsallaka Sakkwato, ɗan biɗa kuma ya dawo gida da takardun wani asibitin Abidjan. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 1 da dubu 300 a gundumomin nan uku, yau kuwa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Kowannensu tarihin lafiyarsa a warwatse yake tsakanin wurare uku ko huɗu da ba sa magana da juna.

Shiga kowace CSI ka dubi teburin majo. Akwai rajistar duba marasa lafiya, ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta tamowa, ta tarin fuka, ta tazarar haihuwa, ga takardun ajiyar magani, ga kuma na abokan hulɗa da kowa ke son a cika masa nasa. Ƙarshen wata ya zauna ya bi su layi-layi yana ƙirgawa don ya haɗa rahoto. Tun wajen 2017 rahoton yana shiga manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke kula da ita, ƙasashe sama da 70 kuma ke amfani da ita. Ci gaba ne na gaske, domin daga Yamai ana iya ganin yawan masassarar cizon sauro da aka samu a Keita a watan Satumba. Sai dai yadda aka fi amfani da ita, jimla take ɗauka. Ta san yara nawa suka zo. Ba ta san cewa yaron da aka sallama daga sashen tamowa a Madaoua shi ne ya sake faɗuwa bayan mako biyar a Sabon Gida ba.

Wannan giɓin ake son cikewa, kuma a nan haɗarin yake. A 2012 sai da ma'aikatar lafiya ta Uganda ta dakatar da duk wani sabon gwajin manhajar lafiya ta wayar hannu, saboda sun yi yawa, kowace ƙungiya ta kawo tata, babu wadda ke fahimtar wata, da yawa kuma suna mutuwa ranar da kuɗin mai tallafi ya ƙare. Ingila ta faɗa ramin ta ɗaya ɓangaren. A 2002 ta ƙaddamar da gagarumin shirin haɗa takardun asibitocinta a tsari ɗaya da aka tsara daga sama, ba tare da an saurari likitocin da za su yi aiki da shi ba. A 2011 aka wargaza shi, bayan ya lashe kuɗin da aka ƙiyasta ya kai kusan fam biliyan 10. Ƙasar da ba ta san ɗaukewar wuta ba ke nan. Saboda haka duk mai cewa matsalarmu rashin kuɗi ce kawai, bai bi labarin ba.

Abin da ya kamata a fara warwarewa, kafin a sayi na'ura ko ɗaya, tambaya ce mai kama da wasa: wane ne wannan mara lafiyar?

A ƙasashen da aka ƙera yawancin manhajojin nan, mutum yana da sunan dangi, da ranar haihuwa, da lambar gida. Mu kuwa suna ne da sunan uba. Ma'aikaci ɗaya ya rubuta Aïchatou, wani ya rubuta Aichatou, na Sakkwato ya rubuta Aisha, a gida kuma Indo ake ce mata, ko Ladi don ranar Lahadi aka haife ta. Mahamadou, Mamane, Maman, Muhammadu, duk mutum ɗaya ne, kuma a ƙauye ɗaya ana iya samun goma masu wannan suna da sunan uba iri ɗaya. Ga alkunya: uwa ta kawo ɗanta na fari, a tambaye ta sunansa ta sunkuyar da kai, sai maƙwabciyar da ta rako ta ta faɗi laƙabin da aka fi saninsa da shi. Mace ba ta kama sunan mijinta, sai ta ce maigida. Ranar haihuwa kuwa, dattawanmu da yawa takardunsu cewa suke an haife su "wajen" shekara kaza, kwamfuta kuma in aka matsa mata sai ta mayar da su duka 'yan 1 ga Janairu. Yara da dama har yau ba su da takardar haihuwa, shekarunsu da kaka da damina ake lissafawa.

Masu tallar AI za su ce ai nan ne gwanintarta take: tana iya duba dubban sunaye ta gane cewa Indo ta Karofane da Aïchatou ta Karofane mutum ɗaya ce. Gaskiya ne tana iya hasashe, kuma sau da yawa ta dace. To ranar da ba ta dace ba fa? Raba mutum ɗaya gida biyu asara ce ta lokaci da kuɗi. Amma haɗa mutum biyu su zama ɗaya, wannan rai ake magana. Yaro ya zo jini ya ƙare masa saboda masassara, ana gaggawar ƙarin jini, allo ya nuna rukunin jinin wani yaron. Mai ciki ta zo haihuwa, tarihin da ya fito bai nuna an taɓa yi mata aiki ba, domin na takwararta ne. Kuskuren takarda a wuri ɗaya yake tsayawa. Kuskuren da ya shiga na'ura yana bin mutum duk inda ya je, kuma ma'aikaci ya fi saurin yarda da abin da ya gani a allo.

Maganin wannan ba shi da wani ƙyalƙyali. A ba kowane mara lafiya lamba ɗaya, a manna ta a bangon karnensa, da irin tambarin nan da waya ke karantawa, kuma lambar ta yi aiki daga Tamaske har Bangui (Bangui tamu ta Madaoua nake nufi, ba babban birnin Afirka ta Tsakiya ba). In karne ya ɓata, na'ura ta kawo sunayen da take zato, ma'aikaci ya tambayi ƙauye, da sunan uwa, da unguwa, shi ya tabbatar da hannunsa. Kada a taɓa barin manhaja ta haɗa tarihin mutum biyu ita kaɗai. Karnen takarda kuma a bar shi a hannun mai shi. Shi ne kaɗai abin da ke aiki a Galmi, ya yi aiki a Illela, ya yi aiki ranar da babu wuta.

In an yi wannan, akwai aikin da nake ganin ƙirƙirarriyar basira za ta yi wa yankin da ba ƙarami ba, aikin magatakarda. Ta karanta hoton shafin rajista ta mayar da shi rubutun kwamfuta, inda ba ta gane ba ta sa alama mutum ya duba. Ta lura in an rubuta yaro ɗan wata takwas da nauyin kilo 25, ta ce a sake awo. Ta haɗa rahoton ƙarshen wata daga abin da aka riga aka shigar, majo ya samu kwanakinsa biyu ko uku ya koma kan marasa lafiya. Ta tuna wa ma'aikaci cewa yara kaza da suka karɓi zagayen farko na maganin rigakafin masassarar damina ba su dawo na biyu ba. Madaoua da Bouza suna cikin gundumomin da aka fara wannan rabon magani a 2013, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF da ke aiki a Madaoua tun bayan yunwar 2005, don haka ma'aikatan yankin sun san wahalar bin sawun yaro wata huɗu a jere da kati da biro.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba a cika haɗa shi da wannan magana ba. Tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne. Cibiya ta yi aikin, ta haɗa takardun shaida, su bi ta gunduma su tafi sama, sannan a biya ta. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun yi rubutu mai yawa a kan yadda biyan yake makalewa watanni har shekaru, kantar magani ta bushe, uwa ta koma sayen abin da aka ce kyauta ne. Babban dalili rashin sakin kuɗi ne daga baitulmali, wannan kuwa babu na'urar da za ta gyara shi. Amma ɓatan takardu, da kurakuran cikawa, da tantancewar da ba ta ƙarewa suna ba da mafaka. In kowane aiki yana da shaida a rubuce ranar da aka yi shi, bashin da ake bin gwamnati zai fito fili, ba mai cewa ana kan dubawa.

Wani wurin da fasahar ta nuna amfaninta shi ne karanta hoton ƙirji don gano tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan a 2021 ga masu shekara 15 zuwa sama. A asibitin da babu ƙwararren mai karanta hoto, wannan taimako ne na gaske, kuma abin dubawa ne ga yankin da samarinsa ke dawowa daga ramukan zinarin Djado da Tchibarakaten da tari a ƙirji.

Inda nake ja da baya shi ne sabon yayin da ake yi na barin na'ura ta saurari hirar likita da mara lafiya ta rubuta bayanin da kanta. A watan Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton cewa manhajar Whisper, wadda ake amfani da ita a wasu asibitocin Amurka don wannan aiki, takan ƙago jimlolin da ba wanda ya faɗa, wani lokaci har da magungunan da babu su. Da Ingilishi ke nan, harshen da aka fi horar da ita a kansa. Yanzu kawo ta ɗakin duba marasa lafiya a Ibohamane, inda tsohuwa ke bayani da Adaranci ko Tamajak, jikanta na fassarawa, majo na rubutawa da Faransanci. Ta ce "zahi" ke damunta, ko "sanyi", ko ta ce iska ce. Ma'aikacin da ya girma a nan ya san tambayoyi biyar da zai yi kafin ya gane abin da take nufi. Na'ura za ta zaɓi kalmar Faransanci ɗaya ta rubuta da cikakken ƙarfin hali. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma wannan bai sa manhajojin waje sun iya Hausar Bouza ba. Kafin a yarda da irin wannan, a gwada shi a nan, da muryoyin mutanen nan, a kuma bayyana sakamakon kowa ya gani.

Ko Google ta sha wannan darasin. Ta gwada manhajar gano illar ciwon suga ga ido a cibiyoyi 11 a Thailand, manhajar da ta yi fice a ɗakin gwaji. Rahoton da kamfanin ya fitar a 2020 ya nuna ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan saboda hasken ɗakunan bai yi mata ba, jinkirin intanet kuma ya sa layin marasa lafiya ya ƙara tsawo.

Wanda ya kawo mu kan wuta da layin waya. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da take amfani da ita, ta yanke layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Ƙauyuka da yawa ma wannan bai shafe su ba, don wutar ba ta taɓa zuwa ba. Duk tsarin da ke buƙatar intanet kafin ya buɗe tarihin mara lafiya bai dace da tsaunukan Keita ba. Dole ya yi aiki a cikin na'urar kanta, ya aika bayanai in layi ya samu. Rana kuwa muna da ita, tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tana nan maƙwabtaka tun 2018. Abin da ke kashe kayan hasken rana a cibiyoyin lafiya shi ne batir, da rashin wanda zai zo gyara. A rubuta kuɗin wannan a kasafin tun ranar farko, in ba haka ba bayan shekara biyu na'urorin za su koma kabad ɗaya da tsofaffin rajistoci.

Sai tambayar da ta fi damuna: bayanan na wane ne, kuma ina za su kwana? A watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafinta na waje cikin dare ɗaya. A watan Fabrairu hukumomin Nijar suka umarci ƙungiyar CICR ta rufe ofisoshinta. Ba ina auna wanda ya yi daidai ba ne a nan. Abin da nake nunawa shi ne abokin hulɗa na iya tafiya gobe, da son ransa ko ba da son ransa ba. In tarihin jinyar yaran Madaoua na shekara goma yana cikin rumbun wata ƙungiya ko wani kamfani a Turai, ranar da suka tafi da me za a bar babban likitan gunduma? Sharaɗin ya zama a rubuce: duk wanda zai tattara bayanan marasa lafiya a gundumomin nan, da tsarin ma'aikatar lafiya zai yi, ainihin bayanan kuma a hannun hukumar lafiya suke zama, cikin sigar da kowace manhaja za ta iya karantawa.

Wannan ba ya nufin hukuma ta yi yadda ta ga dama da su. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sake mata fasali a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa sa ido. Doka tana Yamai, amma asiri a ƙauye yake tonuwa. A garin da kowa ya san kowa, mai shigar da bayanai ɗan maƙwabcinka ne. Mai ɗauke da ƙwayar cutar sida, yarinyar da ta samu ciki ba aure, matar da ke shan maganin tazarar haihuwa ba da sanin dangin miji ba, duk suna zuwa likita ne saboda sun yarda maganar za ta tsaya a ɗaki. A rajista sai mutum ya buɗe shafi-shafi kafin ya samu abin da yake nema. A na'ura suna kawai zai rubuta. Don haka kowane ma'aikaci ya kasance da mabuɗinsa, tsarin ya riƙa ajiye sunan duk wanda ya buɗe tarihin wani da lokacin da ya buɗe, kuma a hukunta mai leƙen abin da ba ruwansa. A tuna da dubban 'yan gudun hijirar jihar Sakkwato da suka tsere wa 'yan bindiga suka sauka a Bangui. Jerin sunayensu da ƙauyukansu ba abin da za a bari a wayar da za a iya ƙwacewa a hanya ba ne. Kuma kada wani ya ɗauka manyan ƙasashe sun tsira: a 2017 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta yanke cewa asibitin Royal Free na Landan ya saɓa doka da ya miƙa bayanan mutum miliyan 1.6 ga kamfanin DeepMind. Kamfanonin AI yunwar bayanai suke yi, kuma wanda ya zo da kyautar na'ura a tambaye shi me zai ɗauka ya tafi da shi.

Mu ma da namu laifin. Hoton takardar Inna da aka turo maka, sau nawa ka tura shi zauren WhatsApp na 'yan gari, mai mutum ɗari biyu, don neman gudummawa, da sunanta da sunan ciwonta a fili?

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. A Burkina Faso ƙungiyar Terre des hommes ta fara gwada rajistar duba yara ta na'ura a 2010, a gundumar Tougan. Manhajar tana bin ƙa'idar duba yara da ma'aikatan suka riga suka sani, tana aiki ba intanet, tana tura alƙaluma cikin tsarin ƙasa. Daga gunduma ɗaya ta kai cibiyoyi sama da dubu, tare da ma'aikatar lafiya a kowane mataki. Shekaru aka ɗauka, kuma da abu ɗaya aka fara, yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ni ma da za a tambaye ni, da yara da masu ciki zan ce a fara a nan, kuma da takardar tura mara lafiya gaba, domin a tsakanin CSI da asibitin gunduma ne bayani ya fi ɓacewa, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da masassara da tamowa ke haɗuwa gadaje su kasa.

Wa zai riƙe ragamar? Hukumar lafiya ta jihar Tahoua da manyan likitocin gundumomin uku, a tebur ɗaya, tare da majo-majo da ungozomomin da za su taɓa na'urar kullum, da kwamitocin kula da cibiyoyin lafiya da al'umma ta zaɓa, da asibitoci masu zaman kansu irin na Galmi. Abokan hulɗa su zo a matsayin baƙi masu taimako. Mutanen Keita sun san bambancin. Shirin raya karkara da Italiya da hukumar FAO suka fara a 1984 ya bar itatuwa da madatsun ruwa da har yau ake gani, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da kansu, mazan suna wajen biɗa. Abin da hannun mutanen gari ya gina suka san yadda ake gyara shi ya daɗe. Injinan da sai an jira wani ya zo daga waje, labarinsu daban.

Ku kuma samarin da kuka karanta kwamfuta a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, ko a Yamai, ko Dakar, ku rage ɗokin ƙera sabuwar manhaja kowa da tasa. Akwai na kyauta da aka daɗe ana gwadawa a asibitocin Afirka, irin su OpenMRS da ta fara a Kenya a 2004. Aikin da ake nema shi ne mai daidaita su da rajistocinmu, mai koya wa majo, mai hawa babur ya je Garhanga ranar da na'ura ta ƙi tashi.

Ƙungiyoyin 'yan gari da ke ƙasashen waje sun gina azuzuwa, sun sayi motocin ɗaukar marasa lafiya, kuma na san nan gaba kaɗan wani zai kawo shawarar a saya wa likitar garinsu kwamfutoci. Kafin ku tara kuɗin, ku kira babban likitan gunduma ku tambaye shi wane tsari aka amince da shi. In babu tukuna, ku sa kuɗin a faifan hasken rana da batir mai kyau, ko ku ɗauki nauyin albashin wani yaron gari da zai riƙa tsara takardu na shekara biyu. In akwai, ku nemi a nuna muku abu ɗaya da idonku: a ɗauki yaron da aka turo daga CSI jiya, a buɗe tarihinsa a asibitin gunduma yau, a ga maganin da aka ba shi kafin ya taso.